LADUBBAN ƊALIBI WAJEN NEMAN MALAMI YA SAKE DUBA MAKINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya umurci bayinsa da tsai da adalci cikin ƙaramin al'amari da babba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka kawo mana. Wani dattijo daga cikin jama'ar masallacinmu ya tsai da mu bayan sallar La'asar, ya ce ɗansa da ke karatu a jami'a ya samu 9 da rabi bisa 20 a wani darasi, alhali 10 ake nema. Saboda wannan rabin maki, yaron yana fuskantar maimaita shekara, mai yiwuwa kuma ya rasa burs ɗin da yake ci da shi a can. Dattijon ya ce ya san malamin darasin yana ganin girmanmu, don haka yana roƙon mu sa baki, a ƙara wa yaron abin da ya rage. Muka ga damuwa a fuskarsa, muka kuma san abin da ya sayar kafin yaron ya kai wannan matsayi. Muka ce ya dawo da yaron da kansa washegari.

Wannan mas'ala ta yawaita a yanzu. A da, wanda ke son jami'a a ƙasarmu sai ya tafi Yamai, jami'ar da aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ko kuwa Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986. Daga 2010 aka samu jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har ya zamana da wuya a samu unguwar da ba ta da ɗalibi. Saboda haka ya wajaba mu san hukuncin wannan al'amari da ladubbansa, mu iyaye da ƴaƴanmu da malamansu.

MATSAYIN MAKI A SHARI'A

Farkon abin da ya kamata a gane shi ne, makin da malami ke rubutawa a kan takardar ɗalibi shaida ce. Malamin yana shaida wa hukumar makaranta, da wanda zai ɗauki yaron aiki gobe, da al'umma baki ɗaya, cewa wane ya san kaza daga wannan ilimi. Hakanan kuma awo ne, kamar yadda mai hatsi ke auna gero da tiya a kasuwa. A tsarin da jami'o'inmu ke bi, 10 bisa 20 shi ne matsakaicin da ake tsallakewa da shi, sa'annan akwai darajoji a 12 da 14 da 16. Da waɗannan lambobi ake tantance wanda zai wuce, da wanda zai samu gurbi a karatu na gaba inda gurabe ba su da yawa.

To, idan maki shaida ne, mun san abin da Shari'a ta ce game da shaidar zur. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata (R.A) cewa Manzon Allah (S.A.W) yana lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaita ta har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. Idan kuma awo ne, Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narkon azaba ga masu cika mudu in sun auna wa kansu, su tauye in sun auna wa wasu. Malamin da ya ƙara wa ɗan abokinsa abin da bai ƙara wa ɗan talaka ba ya yi awo da tiya biyu. Daga nan za mu fahimci cewa maki amana ce a hannun malami, bai mallake shi ba balle ya yi kyauta da shi. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta haɗa abubuwan nan biyu wuri guda: mai da amana ga masu ita, da yin hukunci da adalci tsakanin mutane.

NEMA IRI UKU NE

Ɗalibin da ya tafi wajen malaminsa kan batun maki, ɗayan abu uku yake nema, kuma hukuncinsu ya bambanta.

Na farko, neman gyaran kuskure. Misali, jarrabawa ta ƙunshi tambayoyi huɗu, malam ya ba shi 4 da 3 da 2 da rabi da 3, jimla 12 da rabi, amma aka rubuta 10 da rabi. Ko wani shafi ya manne da ɗan'uwansa ba a gyara shi ba. Ko an ɗauki makin wani an rubuta a gaban sunan wani wajen kwafewa, abin da ke faruwa a aji mai ɗaruruwan ɗalibai. Wannan haƙƙinsa ne, nemansa halal ne, babu kunya a ciki. Kada ma a raina shi, domin darasin da ake ninka makinsa sau uku wajen lissafin jimla, maki 2 da suka ɓace a cikinsa sun zama 6.

Na biyu, neman bayani. Ɗalibi yana ganin amsarsa daidai ce, malam ya soke ta, yana son ya san dalili. Wannan abin so ne, domin neman ilimi ne. Idan bayani ya nuna gaskiya tana wajen malam, ɗalibi ya ƙaru da sanin da ba ya da shi. Idan kuma ta bayyana tana wajen ɗalibi, an koma kashi na farko.

Na uku, neman a ƙara masa abin da shi kansa ya san bai samu ba, don tausayi ko sanayya ko wani abin hannu. Wannan bai halatta ba, domin yana roƙon malaminsa ne ya yi shaidar abin da bai gani ba. Mafi yawan rikicin da ake samu yana zuwa ne daga wanda ya shiga da niyyar kashi na uku, ya lulluɓe ta da rigar kashi na farko. Saboda haka kafin ɗalibi ya ɗaga ƙafa, ya tambayi zuciyarsa tsakaninsa da Allah: wanne daga cikin ukun nan nake nema?

DARASI DAGA ƘISSAR ZUL-YADAINI

Mafi kyawun misalin yadda ƙarami ke nuna wa babba mantuwa yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A). Manzon Allah (S.A.W) ya ja sahabbai ɗaya daga sallolin rana masu raka'a huɗu, sai ya sallame a raka'a biyu, ya tashi ya jingina da wani itace a gaban masallaci. Masu gaggawa suka fita suna cewa an rage salla. Abubakar da Umar suna cikin jama'a, amma kwarjini ya hana su magana. Sai wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini ya tambaye shi ko an rage sallar ne ko kuwa mantuwa ce. Annabi (S.A.W) ya amsa cewa babu ɗaya daga ciki da ya faru. Zul-Yadaini bai janye ba, ya sake faɗa cikin ladabi cewa lalle ɗaya ya faru. Sai Annabi (S.A.W) ya juya ya tambayi jama'a, suka tabbatar, ya cika abin da ya rage, ya sallame, ya yi sujada biyu. Wannan hadisi yana daga cikin hujjojin malamanmu na Malikiyya a kan sujadar ba'adi.

Mu duba abin da wannan sahabi ya yi. Ya yi magana da wanda abin ya shafa kai tsaye, bai bi masu fita suna yaɗa zance a waje ba. Ya kawo maganarsa da siffar tambaya, ya kuma bar ƙofa a buɗe cewa mai yiwuwa akwai abin da shi bai sani ba. Da aka ba shi amsar farko bai bar gaskiyar da ya gani ba, bai kuma ɗaga murya ba. Daga ƙarshe aka koma ga hujja, wato shaidar waɗanda suka halarta. A wajen ɗalibi, hujjar ita ce takardar jarrabawarsa.

LADUBBAN DA ZA A KIYAYE

Ladabi na farko shi ne jinkiri kaɗan. Ranar da aka liƙa sakamako zuciya tana tafasa, kuma maganar da aka yi cikin fushi ba ta cika haifar da alheri ba. Ɗalibi ya kwana, ya sake duba tambayoyin da abin da aka karantar, ya gwada amsarsa da su. Amma kada jinkirin ya wuce kima, domin tsangayoyi sukan sanya wa'adin karɓar koke bayan fitar sakamako. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, shi ya tozarta haƙƙinsa.

Na biyu, bin ƙofar da aka tanada. Idan ƙa'idar makaranta ita ce a rubuta takardar koke a kai wa sashe, to a rubuta. A sa suna da lamba da darasi, a ambaci tambayar da ake magana a kanta da abin da ake ganin an tsallake, a taƙaice. Rubutu yana kare ɗalibi, yana kuma kare malam daga zargi.

Na uku, zaɓen lokaci da wuri. A samu malam a biro, a lokacin da ya keɓe don ganin ɗalibai. Kada a tare shi a bakin masallaci ko wajen suna ko zaman makoki, inda kunyar idon jama'a za ta matsa masa. Kada a dame shi da kiran waya cikin dare ko jerin saƙonni. Farkon Suratul Hujurati ya zargi waɗanda suka riƙa ƙwala wa Annabi (S.A.W) kira daga bayan ɗakunansa, ya nuna haƙurin jiran fitowarsa shi ya fi musu. Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, ta koyar da neman izini, da komawa ba tare da ɓacin rai ba idan aka ce a koma. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (R.A), duk da kusancinsa da Annabi (S.A.W), yakan zauna a ƙofar sahabin da yake son ya ji hadisi daga gare shi, iska tana watsa masa ƙura, har mai gidan ya fito don kansa.

Na huɗu, tausasa harshe. Bayan sallama da gaisuwa, ɗalibi ya faɗi sunansa da ajinsa, sa'annan ya ce misali: "Allah ya gafarta Malam, na duba takardata, sai na ga kamar tambaya ta uku ba ta shiga jimla ba. Ko Malam zai taimaka ya sake dubawa, ko kuwa ni ne ban fahimta ba?" Wannan ya fi a shiga ana cewa an zalunce ni. Malam mutum ne, wanda aka fara da tuhumarsa zai fara da kare kansa.

Na biyar, tsayawa kan takardarka. Kada ka ce wane da muka yi karatu tare ya samu 14. Ba ka ga takardarsa ba, kuma kana iya jawo masa zargi a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Kada kuma ka kafa hujja da yawan daren da ka raba kana bita. Allah yana ba da lada a kan wahala, amma malam abin da ke rubuce kaɗai yake iya aunawa.

Na shida, karɓar sakamakon dubawa. Wanda ya nemi a sake awo ya yarda ke nan da abin da tiya za ta nuna. Idan malam ya yi bayani mai gamsarwa, a yi godiya a tashi. Idan ɗalibi yana da yaƙinin an tauye shi kuma malam ya ƙi saurare, yana da damar ɗaukaka kokensa zuwa ga shugaban sashe, da harshe mai tsabta, ba tare da zagi ko ɓata suna a dandali ko a waya ba. Neman haƙƙi bai halatta cin naman malami ba. Shehu Zarnuji a cikin Ta'alimul Muta'allim, littafin da da yawanmu muka karanta a zaure, ya rataya amfanin ilimi ga girmama malami. Ibn Jama'a, wanda ya rasu a shekara ta 733 bayan Hijira, shi ma ya yi dogon bayani a kan wannan babi a littafinsa Tazkiratus Sami'i.

ABUBUWAN DA SUKA HARAMTA

Akwai hanyoyi huɗu da muke jan kunnen ƴaƴanmu da iyayensu a kansu.

Ta farko, kyauta. Buhun shinkafa ko rago ko ambulan da aka kai gidan malam alhali takardar yaro tana hannunsa, rashawa ce ko da an kira ta goro. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru (R.A) la'antar mai ba da rashawa da mai karɓa. A Bukhari da Muslim kuma akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kashi ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (S.A.W) ya hau mimbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da ba a kawo masa komai ba. Mai son kyautata wa malaminsa ya jira har ya gama karatu, ba ya da sauran buƙata a hannunsa.

Ta biyu, ceto a inda bai dace ba. Aya ta 85 ta Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, mai kyau da mummuna, kuma mai yin kowanne yana da rabo daga gare shi. Idan babba ya sa baki don a saurari yaron da aka hana shi ganin takardarsa, ya yi ceto mai kyau. Idan ya sa baki don a canza lamba, ya yi mummuna. Mu tuna yadda fuskar Annabi (S.A.W) ta canza sa'ad da Usamatu ɗan Zaidu (R.A), duk da son da yake yi masa, ya zo ceton matar nan ta Banu Makhzum. A huɗubar da ya yi bayan haka ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne sassauta wa mai daraja da tsananta wa mai rauni.

Ta uku, ƙarya da iya baki. Wani yakan ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa, wani kuma Allah ya ba shi fasahar magana har ya rinjayi malam. Hadisin Ummu Salama (R.A) da ke Bukhari da Muslim ya isa gargaɗi: Annabi (S.A.W) ya sanar da masu kawo masa ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, kuma duk wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta ne aka ba shi. Gurbin da ka shiga da makin da ba naka ba, akwai mai shi da aka bari a waje.

Ta huɗu ta shafi ƴaƴanmu mata. Kada ɗaliba ta yarda da ganawa a keɓe, a gida ko bayan an tashi aiki, da sunan gyaran maki. Shari'a ta hana keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba. Ta je da abokiyar karatu, ƙofa a buɗe, ko ta wadatu da rubutaccen koke. Idan wani ya nemi mutuncinta a bakin maki, ta sani laifin nasa ne, kada ta ɓoye. Ta sanar da iyayenta da hukumar makaranta. Mu kuma iyaye mu zama masu saurare, domin tsoron faɗanmu ne ke sa yarinya ta yi shiru.

IDAN KUSKUREN YA ZO DA RIBA

Ga wata mas'ala da ake gane mai gaskiya da ita. Ɗalibi ya duba takardarsa ya ga jimlarsa 9 ce amma an rubuta 12. Shin zai yi shiru? Amsa ita ce ya wajaba ya sanar, kamar yadda ya wajaba ga wanda mai kanti ya ba shi canji fiye da nasa ya mayar. Wanda ke gudu zuwa biro idan an rage masa, ya yi gum idan an ƙara masa, ya shiga siffar masu awo biyu da muka ambata. Idan ya sanar, hukuma ta ga dama ta bar masa bisa ƙa'idarta, to ya fita daga nauyi.

MAI UZURI NA GASKIYA

Addininmu bai rufe ƙofar tausayi ba. Wanda ciwo ya kwantar da shi ranar jarrabawa, ko aka yi masa rasuwa, ya kai shaidarsa ga hukuma da wuri, ya nemi abin da ƙa'ida ta tanada, kamar zama na biyu da ake shirya wa waɗanda ba su tsallake ba. Yana kuma iya tambayar malam abin da zai gyara kafin wannan zama. Hakanan idan kwamitin malamai ya zauna ya ga dacewar ɗaga duk waɗanda suka kusa kai 10, wannan rangwame ne na bai ɗaya, babu laifi ga wanda ya amfana da shi. Bambancinsa da abin da muka hana shi ne, an yi shi a fili kuma ya game ɗan kowa.

NASIHA GA MALAMAI

Ku kuma malamai, ku ji tsoron Allah game da alƙalamin da ke hannunku. Annabi (S.A.W) bai tsawata wa Zul-Yadaini ba, ya bincika ne ya gyara. Sarkin Musulmi Umar (R.A), a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Ku bai wa ɗalibai damar ganin takardunsu, ku bayyana yadda kuka raba maki tun farko. Kada ku riƙe yaro a zuciya don ya yi tambaya. Kada kuma saɓanin ra'ayi ko na gari ko na ƙungiya ya shiga awonku, domin aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci. Ku tuna cewa wanda kuka tsallakar ba da sani ba, gobe shi ne zai rubuta wa mara lafiya magani, ko ya auna ƙarfen gada, ko ya tsaya gaban ƴaƴanku a aji.

RUFEWA

Dattijon nan ya dawo da ɗansa kamar yadda muka nema. Muka tambayi yaron ko ya ga takardarsa, ya ce bai gani ba. Muka tambaye shi ko yana zaton akwai kuskure, ya sunkuyar da kai ya ce tambaya guda ce yake shakka a kanta, sauran kuwa ya san bai yi ƙoƙari ba. Muka ce wa mahaifinsa ba za mu roƙi a ƙara masa ko rabin maki ba, domin ba za mu hau mimbari ranar Juma'a mu hana shaidar zur, ranar Asabar mu je neman ta ba. Amma muka zauna da yaron ya rubuta kokensa a kan wannan tambaya guda, muka kuma umurce shi ya fara shirin zama na biyu tun daga wannan dare, ba tare da jiran amsa ba. Dattijon bai ji daɗi ba a lokacin, mun kuma fahimce shi. Sai dai muna fatan ranar da yaron zai karɓi albashinsa na farko, ya ciyar da mahaifinsa da abin da babu shubuha a cikinsa.

Muna roƙon Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani da arziki na halal, ya ba malamansu ikon riƙe amana, ya kuma nauyaya ma'auninmu a ranar da ba a tauye wa kowa komai. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.